Gayyar Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Bana ma ba a nome gonakin bakin gulbi ba. Jikana ne ya faɗa mani da ya dawo daga kasuwar Sabon Birni, ya ce in ka hanga daga hanya ba ka ganin komi sai sabara da ƙarangiya, don ba mai yarda ya kai ranshi can saboda masu bindiga. Ya faɗi maganarshi ya koma kan wayarshi, ni kuwa ya bar ni da zancen zuci. Ƙafa ta ƙare, ido ya yi hazo, kunne kaɗai ya rage mani, kuma abin da kunnen ke nema kowace damina shi ne gangar noma. Yaran yanzu ba su san ta ba. Sun san ƙarar babur da kukan injin niƙa, sun iya kasa kunne su bambanta tsawa da harbi. Mu da ganga munka tashi. In ruwa ya zauna, gero ya kai ƙwauri, tun da sanyin safiya za ka jiyo ta daga gabas ko daga arewa, ka san yau gonar wane ake wa gayya. Mata su hau daka, taɓare na amsa wa juna gida gida, 'yan mata su jera da tuluna zuwa gulbi, tsofaffi su fito ƙofa suna cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ganga abin murna ce a lokacin. Damina ɗaya ce kawai ta zame mani abin tsoro, kuma ita ce ba ni mantawa.

Zamanin Turawa ne, yaƙinsu ya kai ga neman mutane har ƙauyukanmu. Kaka ɗaya na yi da maigidana kafin a tafi da shi. Shi kaɗai ne namiji ga uwarshi, uban ya daɗe da rasuwa, gona guda ce gare su a bakin gulbi. Da anka fara zancen ɗaukar soja, samari da yawa sunka tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, sunka tarar can ma ba daɗi, waɗansu sunka komo. Shi bai gudu ba, ya ce in ya gudu tsohuwa zai bar wa kunyar. Ranar tafiya akwai abokinshi na tun ƙuruciya, wanda ya yi mashi abokin ango, shi ma yana cikin waɗanda anka ɗauka. Surukata, wadda nake kira Inna, ba ta dubi ɗanta ba. Hannun abokin ta kama ta ce, "Ga amana nan na ba ka. Yadda kunka tafi tare, ku komo tare." Ya yi dariya, don mai yawan dariya ne, ya ce, "Inna, ko a goye za ni kawo maki shi."

Daga nan sai zaman jira. Yanzu in mutum ya faɗi a wata duniya, kafin a rufe shi hotonshi ya iso hannun uwarshi, ban sani ba ko wannan rahama ce ko azaba. Mu labari sai bakin fatake. Wani ya ce an sa su jirgin ruwa, wani ya ce an kai su wata ƙasa wai ita Bama, mu kuwa mun ɗauka bayan Makka take. Ni da Inna munka zauna gida ɗaya kamar uwa da ɗiya, sai dai kunyar surukuta ba ta bari mu yi zancenshi. Ita ta yi kaɗi, ni in yi surfe. In mun gama cin tuwo ta ce, "Ɗiyata, rufe sauran," in rufe, da safe mu ɗumama. Ba ta taɓa cewa don wa ake ajiyewa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Da yaƙi ya ƙare, sojoji sunka fara dawowa. Jirgin ƙasa ya sauke su Ƙaura, mota ta kawo su Isa, sauran hanya su tako da ƙafa, da manyan takalma rataye a wuya don kada su lalace. In ina daka na hangi mai kaki a hanya, taɓarya ta yi mani nauyi, in tsaya har ya wuce ƙofarmu. Waɗanda sunka mutu kuma anka aiko wa mai gari, ya bi gidajensu da liman, anka yi kuka, anka yi sadaka, anka haƙura. Gidanmu ba a shigo da mai kaki ba, ba a shigo da liman ba. Tsofaffi sun ce rashin sani ya fi dare duhu, a shekarar nan na gane ba karin magana ba ce kawai.

Abokin nan ya dawo gab da faɗuwar ruwa, ya zama kofur, kowa Kofur yake ce mashi. Ya rame, dariyar nan kuma ya baro ta can. Ya zaga gari ya gai da kowa, ƙofarmu ce kawai bai taka ba. Inna ta aika, anka ce zazzaɓi yake. Ta sake aikawa, anka ce ya tafi Turba wajen dangin uwarshi. Rannan muna dawowa daga gona munka yi kaciɓis da shi a 'yar siririyar hanya inda ba wurin kaucewa. Ya durƙusa har ƙasa. Inna ta ce, "Sannu da hanya. Ina ɗan'uwanka?" Ya ce, "Inna, rundunar da yawa, an rarraba mu. Akwai waɗanda ba su iso ba tukuna." Ta ce, "To, Allah shi kawo su lafiya," ta wuce. Ni ina bayanta da kwando, na ga yadda yake tonon ƙasa da ɗan yatsa, bai ɗaga kai ba har munka ɓace. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa fuskar ya hana mu.

Kofur ne ya kawo shawarar gayyar. Ya sami Sarkin Samari, wani dogo mai murya da ke shugabantar samarin garinmu, ya ce mashi 'yan'uwansu da sunka kwanta can ba su da kushewa a nan da za a ziyarta, abin da sunka bari shi ne gonakinsu da tsofaffinsu. Ya ce samari su taru su nome gonar kowane mamaci, a ambaci sunanshi a kanta, a yi mashi addu'a. Liman ya ce wannan sadaka ce mai kyau. Mai gari ya sa albarka. Samarin ƙauyukan kusa, har daga wajen Unguwar Lalle, sunka ce da su za a yi, don su ma suna da nasu.

Ba irin gayyar da munka saba ba ce. Tamu ta da, da ihu ake shiga gona, makaɗi na zuga, 'yan mata na guɗa, saurayi ya yi ta burga don a gan shi. Wannan kuwa makaɗi zai kaɗa ne daga gari har bakin gona, sannan ya ɗora tafin hannu a kan fata. Samari su jera da hauyoyinsu, 'yan mata su sauke tuluna, kowa ya yi tsit har ka ji kukan kurciya daga nesa. Sai Sarkin Samari ya ɗaga murya ya kira sunan mai gonar, ya yi mashi kirarin da ake mashi yana da rai, ya dakata kamar mai jiran a amsa. Ba mai amsawa. Sai jama'a su ce gaba ɗaya, "Allah shi jiƙan shi." A shafa fatiha, ganga ta tashi, hauyoyi su faɗa ƙasa tare. Yara ƙanana da ba su isa riƙe hauya ba su bi baya suna kakkaɓe ciyawa. Dattawa sunka riƙa cewa ba su taɓa ganin samari da natsuwa irin ta wannan shekara ba.

Daga gonakin nesa anka fara, na kan hanyar Gatawa, ana gangarowa wajen gulbi. Ranar farko da ƙyar nake jin gangar. Bayan kwana biyu ta ƙara fitowa. Kowace safiya in na ɗora tukunya sai in kasa kunne in auna inda take, in ji ta matso. Tamu ce gonar ƙarshe ta wannan gefe, bayanta sai ruwa. Ga shi kuma ciyawa ta ci ƙarfinmu. Ni da Inna muna fita da 'yan fartanyunmu, in mun share gaba kafin mu kai tsakiya baya ta komo, gero ya yi ja ya tsaya wuri ɗaya. Rumbu kuwa sai na shiga da jikina duka nake taɓo damin ƙasa. Kowa ya san in ba a nome gonar nan cikin kwanakin ba, ba mu da abin kaiwa baki har wata kaka. Kowa kuma ya san abin da ake nufi in waɗannan samari sunka sa mata hauya.

A gulbi in na iso 'yan mata su yanke hira. Wata ƙawata ta raka ni hanya ta ce a hankali, "An ce har da taku a cikin gayyar." Na ce, "Wa ya ce?" Ta ce, "Kofur ne ya faɗa wa Sarkin Samari, ya ce a bar ta ƙarshe." Tulu ya kusa kuɓuce mani. Da na isa gida na tarar zancen ya riga ni. Inna na zaune da mazari a hannu, ba ta kaɗi. Ta ce, ba ni take kallo ba, "Duk wanda ya sa hauya a gonar ɗana da sunan mamaci, ban yafe ba. Gara mu ci tafasa har kaka. Mai rai ba a yi mashi fatiha." Cikin kwanakin nan kuma babana ya dawo daga fatauci wajen Maraɗi, ya kira ni zaure ya ce, "Zaman mi kike yi haka, ke ba mai miji ba, ke ba bazawara ba? Za ni kai magana ga alƙali a san matsayinki." Na ce, "Baba, a yi mani haƙuri har kaka." Ya ce, "Kakar bara ma haka kinka ce." Abinci ya daina shiga. In na kai loma sai in ji ganga cikin kunnena ko da ba a kaɗawa.

Ranar da gayya ta iso gonar maƙwabtanmu, wadda kunya ɗaya ta raba da tamu, na ce wa Inna za ni taya su kai ruwa, tunda ɗansu da mu an yi zaman arziki. Ta ce in tafi. Na tsaya cikin 'yan mata da tuluna, anka kira sunan yaron, uwarshi ta dafe kai, anka shafa. Ni Kofur nake kallo. Shi ne a farkon layi, yana noma kamar mai faɗa da ƙasa, kuma duk sanda ya kai ƙarshen kunya sai ya juya baya ga gonarmu. Da rana ta take anka tsaya shan fura, ya ware shi kaɗai gindin wata tsamiya. Na cika ƙwarya da ruwa na bi shi. Da can wasa ke tsakaninmu, Amarya yake ce mani, in ce mashi maƙetacin aboki. Rannan na miƙa mashi ruwa na ƙi sakin ƙwaryar.

Na ce, "Kofur, don girman Allah. Gobe ina za ku?"

Ya ja ƙwaryar, ban saki ba.

Na ce, "Ni yarinya ce, amma ba dabba ba ce. In yana da rai ka ce yana da rai, in ci gaba da jira ko shekara nawa ce. In babu, ka bar ni in yi mashi takaba kamar kowace mace. Kada in ji a bakin ganga."

Ya saki ƙwaryar. Ya ce, "Amarya, ni na wanke shi. Ni na sa shi a rami da hannuna." Ya ce ba harsashi ba ne, zazzaɓin dajin can ne, ya kwana biyu yana kiran ruwa. Ya ce Turawa da sunan wani gari sunka rubuta shi tun ranar ɗauka, shi ya sa saƙo bai zo nan ba. Na ce, "To mi ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Kina wurin sanda ta kama hannuna. Na tsaya gaban bindiga ban ji abin da nake ji in na hangi ƙofarku ba. Na zo har bakin danga ya fi a ƙirga, ƙafa ta ƙi. Shi ne na ce bari in tara jama'a, ko cikin mutane bakina ya buɗe."

Ban yi kuka a wurin ba. Na ɗauki tuluna na koma gida, na yi tuwo, munka ci. Inna ta ce, "Ɗiyata, rufe sauran." Na rufe. Sau nawa na buɗe baki, sai in ga ba ni da kalmar da suruka ke faɗa wa uwar miji irin wannan. Na ce a raina gobe in ta tsine wa samarin nan fa? In ta faɗi a gona fa, ga tsufa ga yunwa? In kuma na yi shiru anka juya, mu zauna da ƙarya da gona ba nome har yaushe?

Da gari ya waye ganga ta taso daga tsakiyar gari, ba ta karkata ko'ina ba. Inna ta ɗaura zane ta ja sandarta, ta bi ta hanyar baya, ina biye. Ta riga 'yan gayya isa. Ta tsaya a bakin gona, 'yar tsohuwa ƙarama, ta gitta sanda. Sai ga su sun ɓullo, samari da hauyoyi a kafaɗa, 'yan mata da tuluna da ƙoren fura, liman da dattawa a baya. Makaɗi ya hange ta ya ɗora hannu a kan fata tun bai iso ba.

Sarkin Samari ya rusuna ya ce, "Inna, mun zo aiki."

Ta ce, "Aikin wa? Nan ba a yi mutuwa ba. Ku wuce."

Ba wanda ya motsa. Na dubi Kofur, ya tsaya kamar icce, na gane yau ma ba zai iya ba. Ban san sanda na fito gaba ba. Na durƙusa gaban Inna, na zare awarwaron hannuna ɗaya bayan ɗaya, na cire 'yan kunne, na ajiye su a ƙasa kusa da ƙafarta. Duk macen da ke wurin ta san mai shiga takaba ce ke yin haka. Na ji wata daga baya ta ja salati. Inna ta dubi kayan, ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Kai, ɗan amana. Matso."

Ya zo da rarrafe. A gaban jama'a ya faɗi abin da ya faɗa mani, muryarshi na yankewa. Ina jira ta faɗi, ko ta ɗaga sandar. Sai ta ce, "Kun sami ruwan wanka?" Ya ce, "Mun samu, Inna." Ta ce, "An yi mashi salla?" Ya ce, "Mu da yawa, akwai malami cikinmu ɗan Katsina." Ta ce, "Can ƙasar kun san alƙibla?" Ya ce, "Mun tambaya, Inna. Can yamma ake duba. Na juya shi da kaina." Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To ka cika amana, ka kawo shi. Tashi." Ta janye sandar.

Samari sunka jera. Sarkin Samari ya ja numfashi zai yi kira, Inna ta ɗaga hannu ta tsai da shi. Mutanen yanzu ba za su gane nauyin abin da ya biyo ba, yanzu da uwa ke ƙwala wa ɗan farinta kira a tsakiyar kasuwa. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, har ta mutu. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Ta juya ta fuskanci gonar, ta kira shi da cikakken sunanshi na yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya yi nisa a daji. Ta dakata. Ina jin ruwan gulbi na wucewa. Manyan samari masu gemu sunka sunkuyar da kai suna share fuska da hannun riga. Da ƙyar liman ya iya cewa, "Allah shi jiƙan shi," jama'a sunka amsa. Kafin azahar ba sauran ciyawa ko ɗaya a gonar.

A ɗakin Inna na yi takaba, da geron gonar nan munka yi sadaka. Samari sunka riƙe al'adar shekaru, kowace damina sai sun zaga gonakin nan, har tsofaffin sunka ƙare ɗaya bayan ɗaya, gonaki sunka koma hannun magada, abin ya mutu ba wanda ya ce a daina. Da na fita takaba Inna da kanta ta raka ni gidan babana, ta ce mashi, "Ga ɗiyarka, ta yi mani abin da ɗan ciki zai yi." Bayan shekara na auri ɗaya daga cikin samarin da sunka yi noman rannan, mutum mai sanyin hali. Da na haifi ɗana na fari, namiji, ranar suna ina ɗaki na jiyo maroƙi ya faɗi sunan da uban ya zaɓa, bai shawarce ni ba. Sunan mijina na fari ne. Anka ɗauki jinjirin anka kai wa Inna, ta riƙe shi har la'asar ba ta ba kowa ba.

Ɗan nan nawa yanzu shi ma ya tsufa, da furfura da jikoki. Ni kuwa da miji ne na ji kunyar sunan, da ɗan fari ne na ji kunyarshi, har yau bai taɓa fita bakina ba.